Fiyano Ne Mai Gida, Mu Ne Baƙi

Ranar da muka fara zama gaban fiyano na gaske, autarmu ce ta fara hawa dandamali. Ta gaida alƙalai, ta zauna, ta ɗora yatsunta kamar yadda ta saba, ta danna. Shiru. Daga inda muke zaune muna ganin yatsunta suna motsi, amma sautin farko bai fito ba, na biyu ma da ƙyar aka ji shi. Ta juyo ta kalle mu irin kallon mai neman ceto, mu kuwa ba mu da abin yi sai sunkuyar da kai. Gasa ce ta makarantun sakandare a nan Jos, zauren ya cika da ɗalibai da iyaye, mu huɗu ne kuma muka zo da sunan makarantarmu.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi abin da muke nufi da fiyano, domin daga nan matsalarmu ta faro. A Hausar yau, in an ce fiyano, abin da ke zuwa a rai shi ne wannan na lantarki da ake kaɗawa a situdiyon waƙoƙin fim da wuraren biki, wanda mutum zai saƙale a hammata ya shiga mota da shi. Irinsa ne ke ƙungiyar kiɗa ta makarantarmu, guda ɗaya tak, mai madannai 61. Shekara biyu muka yi muna layi a kansa duk Talata da Alhamis bayan an tashi, kowa minti 20. In an ɗauke wuta mu yi karo-karo mu sayi batir. Mun san shi kamar yunwar cikinmu. Mun san inda fentinsa ya goge, mun san madannin da ke ɗan ƙara in an sake shi. A kansa ba mu cika yin kuskure ba, har 'yan ajinmu suna kiranmu gwanaye, mu ma kuma mun yarda.

Abin da muka tarar a zauren nan wani abu ne daban: baƙin fiyano na katako, mai kwance, da murfinsa a buɗe, ya fi teburin ofishin shugaban makarantarmu girma. Autarmu ta saba da madannai marasa nauyi, waɗanda ko shafa su ka yi za su yi magana. Wannan kuwa sai ka tura madanni har ƙasa da ɗan kuzari kafin ya amsa. Dogonmu da ya biyo bayanta ya saba gano C ta tsakiya ta hanyar ƙirga C ta uku daga hagu. A namu hakan daidai ne. A fiyano mai madannai 88 kuwa C ta tsakiya ita ce ta huɗu. Sai ya fara kiɗansa zango ɗaya ƙasa da inda ya kamata (daga wata C zuwa ta gaba shi muke kira zango), kiɗan yara mai daɗi ya koma kamar gurnani, bai kuma gane abin da ya faru ba sai da ya kai tsakiya. Babbarmu ta taka feda ta manta ƙafarta a kai, sautuka suka cakuɗe kamar kunun da ba a dama ba. Mai tabarau, wanda ya fi mu sauri, kujerar ta yi masa ƙasa, ya ji kunyar gyarawa a gaban jama'a, kafin ya kai shafi na biyu hannuwansa sun gaji.

Ba wanda ya zo ko na biyar a cikinmu. A motar komawa sai da muka yi nisa kafin wani ya yi magana, kuma maganar farko da ta fito ita ce, "Ai fiyanon ne ba shi da kyau." Nan take duk muka amince. Muka ce ya tsufa, muka ce ya yi tauri, har muka ce waɗanda suka ci sun saba da shi ne, an yi mana rashin adalci. Malaminmu yana gaba kusa da direba yana jinmu, bai ce uffan ba.

Sai ranar Talata ya tara mu. Mun zaci faɗa zai yi, sai muka ji ya jefo tambaya: "Yarana, da marigayi Ɗan Maraya Jos zai je wasa wani gari, kuntigin wa yake kaɗawa?" Muka ce nasa mana, Malam. Ya ce mai kalangu fa? Mai goge fa? Muka ce kowa da nasa yake tafiya. Ya ce to ku kun zaɓi kayan kiɗan da ba a rataya shi a kafaɗa. Ƙaramin fiyano na katako ya kai kilo 200, babban na zauren wasa yana kusan kilo 500. Duk inda kuka je, jarrabawa ko gasa, abin da kuka tarar shi za ku kaɗa, kuma ba za a taɓa samun guda biyu masu hali ɗaya ba. Ya ce mai fiyano baƙo ne har ƙarshen rayuwarsa, baƙon da ya shiga gida bai yi sallama ba kuwa kada ya yi mamaki in an ƙi kula shi.

Abin da ya sa maganar ta shige mu shi ne akwai wata ranar tana tafe. An riga an yi mana rajistar jarrabawar fiyano mataki na 3 ta hukumar ABRSM, wadda aka kafa a Landan a 1889, saura wata huɗu. Kuɗin ba kaɗan ba ne a gidajenmu. Mahaifiyar autarmu daga adashenta ta cire. Mahaifin dogonmu ya faɗa masa ƙarara cewa in bai ci ba, an gama zancen kiɗa, ya fuskanci lissafi da kimiyya. Malam shi ma ya sha fama kafin a bar ƙungiyar ta ci gaba, domin akwai masu ganin ɗakin da muke ciki ya fi dacewa a mai da shi sito. Idan muka sake zuwa muka yi abin da muka yi a gasa, ba kunya kaɗai za mu kwaso ba.

Asabar ta farko Malam ya kai mu gidan wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, tana da fiyano mai tsaye kamar kabad a falonta. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta ce, "Ku shigo 'ya'yana, ya daɗe bai ji hannun yara ba." Kafin kowa ya taɓa, Malam ya cire allon gaban ya ce mu leƙa. A ranar muka fara ganin abin da ke faruwa in an danna madanni. Kowane madanni doguwar sanda ce ta katako. In ka danna wannan gefen, ɗaya gefen ya cilla wata 'yar guduma mai kan ulu, ta daki tsirkiya ta dawo. Tsirkiyoyin sun haura 200, domin sautuka na sama uku-uku gare su, na ƙasa kuma biyu ko ɗaya mai kauri da aka naɗe da jan ƙarfe. An ɗaure su tamau a jikin wani firam na ƙarfe, ƙarfin jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20. A kan tsirkiyoyin akwai wasu 'yan matasai na ulu da ke kwantawa su kashe sautin da zarar ka ɗaga yatsa. Fedar dama aikinta shi ne ta ɗage waɗannan matasan gaba ɗaya, shi ya sa in ka bar ƙafarka a kanta komai zai yi ta amo yana hawa kan ɗan'uwansa.

Nan autarmu ta gane abin da ya same ta. Gudumar cilla ta ake yi, in ka tura madannin a hankali fiye da kima ba za ta isa tsirkiyar ba, sai ka ji shiru. Malam ya ce ana buƙatar nauyin kimanin giram 50 kafin madanni ya fara sauka, kusan nauyin ƙwan kaza ɗaya, kuma wannan nauyin yakan bambanta daga fiyano zuwa fiyano. A namu na makaranta, ɗan sifirin ne kawai a ƙarƙashin madannin, ƙarar kuma daga sifika take fitowa, in ta yi kaɗan ka murɗa. A nan babu abin murɗawa. Saurin da yatsanka ya sauka da shi, shi ne ƙarar da za ka samu. Wannan ma shi ne asalin sunan. Bartolomeo Cristofori, wanda ya ƙera na farko a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, abin da ya kawo sabo shi ne kayan kiɗan da yatsa zai iya sa shi ya yi magana a hankali ko da ƙarfi, kalmar da muka ara muka ce fiyano kuwa a Italiyanci tana nufin a hankali. Ashe shekara biyu muna koyon inda za mu sa yatsa, ba mu koyi yadda za mu sa shi ba.

Daga nan aka fara abin da muka sa wa suna yawon fiyano. Malam ya bi gari yana roƙo har ya samo mana guda biyar: na tsohuwar malamar, biyu a majami'u, ɗaya a wata makaranta, ɗaya kuma na lantarki ne amma mai madannai 88 masu nauyi, a wani situdiyo. Duk Asabar sai mu je wani daban, ba ya kuma gaya mana wanne sai mun haɗu a bakin titi. Dokarsa ɗaya ce: kowa yana da minti ɗaya ya gaisa da fiyanon, daga nan ya kaɗa kiɗansa daga farko har ƙarshe ba tsayawa, sauran ukun suna zaune a matsayin alƙalai. Ba a yarda ka ce "bari in sake" ba.

Kowannensu da halinsa. Na tsohuwar malamar mai laushin murya ne, sai ka lallaɓa shi. Ɗaya daga cikin na majami'a yana da kaifin sauti, ɗan taɓawa kaɗan sai ya cika ɗakin, ga ginin kansa yana mayar da amo. Na makarantar nan yana da madanni ɗaya da in ka danna ba ya saurin dawowa. Mun kuma lura cewa fiyano ɗaya ma yakan canza da yanayi. Katako ne da ulu, suna shan danshi suna kuma bushewa. Da damina katakon yakan kumbura, madannai su yi nauyi, wasu su maƙale. In hunturu ya shigo iska ta bushe, allon da ke ƙara wa sautin ƙarfi yakan ɗan tsuke, sautin ya sauka daga saitinsa. Mun fara yawon ana ruwa, muka gama ana sanyi, kuma da kunnenmu muka ji fiyanon tsohuwar malamar ya canza murya a tsakanin.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Duk inda muka je sai mu ji kamar yau muka fara koyo. Dogonmu ya taɓa cewa, "Malam, da ka bar mu a kan guda ɗaya mu saba da shi, ba zai fi ba?" Malam ya ce da ya san wanda za a ajiye mana a ɗakin jarrabawa da ya yi haka, amma bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, don haka abin da za mu saba da shi shi ne rashin sabo ɗin kansa. Wajen mako na shida muka fara lura da wani abu. Hannunmu ya daina firgita. Layin farko yakan ɗan yi rawa, a na biyu sai mu ji yatsun sun auna nauyin da kansu sun daidaita. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, mu kuma mun fara koyon canza rawar tun ba a yi nisa ba.

Gaisuwar minti ɗayan nan, da farko ɓata ta muke yi, mu yi ta gudu a kan madannai don burge juna. A hankali muka tsara ta. Abu na farko kujera. Mu zauna a rabinta na gaba, mu duba ko gwiwar hannu ta yi daidai da tsayin madannai, ko ƙafar dama ta kai feda diddige yana ƙasa. In ba ta yi ba mu tashi mu gyara, ko mutum nawa ke kallo. Na biyu, mu nemo C ta tsakiya da ido, tana kusa da inda aka rubuta sunan kamfanin, a gefen hagu na baƙaƙen madannai biyu, ita ce ta 40 in an ƙirga daga hagu. Na uku, mu danna sauti ɗaya a hankali, mu ƙara sassautawa, har mu gano iyakar da fiyanon zai daina amsawa. Wannan iyakar ita ta kayar da autarmu, ita ce kuma mafi muhimmancin abin da ake tambayar baƙon fiyano. Na huɗu, mu daki sautuka uku tare da ƙarfi, a ƙasa da kuma a sama, mu ji ko hannun hagu zai danne na dama. Na biyar, mu taka fedar dama mu saki a hankali, mu ji a ina take kamawa, domin wata tun daga sama take aiki, wata sai ta kusa ƙasa. Sai mu ɗaga hannu mu saurari ɗakin. In amo yana daɗewa, mu rage feda mu ɗan rage gudu.

Fedojin ma sun taɓa ba mu kunya kafin mu san su. A fiyano mai kwance, in ka taka ta hagu, duk madannan sukan ɗan gusa gefe don gudumomin su daki tsirkiyoyi kaɗan, wanda bai sani ba sai ya zaci ya ɓalla wani abu. A mai tsaye kuwa gudumomin kawai take matsowa da su kusa. Ta tsakiya a yawancin masu tsaye wani ƙyalle take saukarwa tsakanin guduma da tsirkiya don kada a dami maƙwabta. Wata Asabar babbarmu ta tarar an bar ta a maƙale, ta kaɗa kiɗanta gaba ɗaya kamar daga cikin bargo, tana ta ƙara ƙarfi tana gumi. Tun daga ranar, duban ƙafa ya shiga cikin gaisuwarmu.

Sauran kwanakin mako muna kan namu na makaranta, sai dai mun canza yadda muke amfani da shi. Mun kunna saitin da ke sa ƙara ta bi ƙarfin yatsa, wanda da muke kashewa saboda ya fi sauƙi. Wata rana mu rage sifika sosai don dole mu yi aiki da hannu, wata rana mu ƙure ta don mu koyi sassautawa. Mun koyi kowane kiɗa ba tare da feda ba, yatsu su haɗa sautukan da kansu, yadda ko mun tarar da fedar da ba ta aiki kiɗan zai tsaya da ƙafarsa. Mun koye shi da gudu iri uku, domin fiyano mai nauyi ba ya son a kore shi. Mun kuma sa alama a wurare huɗu ko biyar a cikin kowane kiɗa, Malam ya nuna ɗaya ba zato ya ce fara daga nan. Wannan ya cece mu daga baya. Abu ɗaya da ya hana mu shi ne dukan madannai da ƙarfin tsiya wai don yatsu su yi ƙwari. Mai tabarau ya gwada, wuyan hannunsa ya yi kwana uku yana ciwo. Malam ya ce nauyin daga hannu gaba ɗaya yake zuwa, kafaɗa a sake, in ka ji zafi ka tsaya.

A kan hanyar dawowa Malam yakan ba mu labarin manya, don mu san ba mu kaɗai ba ne. Vladimir Horowitz saboda gudun baƙon fiyano da nasa Steinway yake yawo, har Mosko aka kai masa shi a 1986. Glenn Gould na Kanada wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa yake ɗauka duk inda za shi. A gasar Chopin da ake yi a Warsaw tun 1927, ana jera wa 'yan takara fiyano na kamfanoni daban-daban, a ba kowa ɗan lokaci ya gwada ya zaɓa. Amma labarin da ya fi zama mana shi ne na Keith Jarrett, Ba'amurke. Ranar 24 ga Janairun 1975 ya isa birnin Kolon na Jamus a gajiye, ya tarar an ajiye masa wani ƙaramin fiyano maimakon babban da ya nema, sama ba daɗi, ƙasa ba ƙarfi, feda ba ta aiki sosai. Saura kaɗan ya fasa, yarinyar da ta shirya wasan, wadda ba ta kai shekara 20 ba, ta roƙe shi. Ya zauna ya tsaya a tsakiyar madannan inda fiyanon ke da lafiya, ya gina kiɗansa a kan abin da zai iya bayarwa. Faifan wasan daren nan an sayar da miliyoyinsa. Babu ɗayanmu da zai iya yawo da nasa kamar Horowitz, amma abin da Jarrett ya yi, ko ɗan mataki na 3 zai iya gwada ƙaraminsa.

Malam ya kuma zaunar da mu ya fayyace mana yadda makin yake, domin tsoron abin da ba ka sani ba ya fi yawa. Maki 150 ne gaba ɗaya. Kaɗe-kaɗe uku, kowanne 30. Hawa da saukar matakalar sauti 21. Karanta sabon kiɗa a kaɗa shi nan take 21, ana ba ka rabin minti ka duba. Gwajin kunne 18. Da 100 an ci, 120 yabo, 130 fice. Ya nuna mana cewa an yarda ɗalibi ya gyara kujera ya ɗan gwada fiyanon kafin ya fara, an kuma yarda ya zaɓi abin da zai fara da shi. Duk muka zaɓi mu fara da hawa da sauka, domin su za su zagaya da yatsunmu a kan madannan kafin mu kai ga kaɗe-kaɗen da ke ɗauke da maki 90. Wanda zai yi jarrabawar wata hukumar, kamar ta MUSON da ke Legas, sai ya nemi ƙa'idojinta ya karanta tun da wuri, ya san abin da aka yarda masa.

Ranar jarrabawa muka isa cibiyar da wuri, da sanyin safiya, muna ta murza hannu a cikin aljihu don kada yatsu su ƙage. Ɗaki ne ƙarami, mai jarrabawa ɗaya a bayan tebur, da fiyano mai tsaye wanda ba mu taɓa gani ba. Kowa bai kai rubu'in awa a ciki ba. Autarmu ta ce da ta zauna ƙafarta na rawa, amma ta ce wa mai jarrabawar tana so ta gwada, ya yi murmushi ya nuna mata da hannu. Ta nemo iyakar nan ta shiru, ta same ta, daga nan zuciyarta ta kwanta. Mai tabarau ya tashi sau biyu yana gyara kujera. Babbarmu ta ɓace a tsakiyar kiɗa na biyu, kanta ya ɗauke ɗif, sai ta tsallaka zuwa alama ta gaba ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Abin dariyar shi ne da muka fito muka haɗu, biyu suka ce fiyanon yana da nauyi, biyu suka ce ba shi da nauyi.

Da sakamako ya fito, uku sun ci, autarmu har da yabo. Dogonmu ya gaza da maki kaɗan. Mun yi shiru da muka ji, domin mun san abin da ke jiransa a gida. Da ya karanta takardar bayanin mai jarrabawar, ya ga kaɗe-kaɗensa uku duk sun wuce, karatun nan take ne da gwajin kunne suka ja shi ƙasa, abubuwan da ya riƙa gudu duk wata huɗun nan. Muna jira mu ji ya ce fiyanon ne. Sai ya ninke takardar ya ce, "Wannan karon ni ne." Malam ya raka shi gida da kansa, ya nuna wa mahaifinsa takardar layi-layi. Ba mu san duk abin da suka tattauna ba, amma an ba shi dama ɗaya ya sake, da sharaɗin makin lissafinsa kada ya sauka. Ɗakinmu ma ba a mai da shi sito ba.

'Yan'uwa ɗalibai, mun san da yawanku da ke koyon fiyano irin namu kuke da shi, mai madannai 61, wataƙila ma na aro ne. Kada ku raina shi, a kansa muka koyi karatun kiɗa da ƙirga lokaci da duk abin da muka iya. Amma in akwai jarrabawa ko gasa a gabanku, kada ranar ta zama ranar farko da za ku taɓa madannai masu nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambaya a unguwa, a makarantu, a majami'u, a situdiyo, a gidajen tsofaffin malamai. Ku je da ladabi tare da malaminku ko wani babba, ku wanke hannu, ku rufe murfin in kun gama, ku yi godiya. Ko guda biyu kuka samu sun fi ɗaya, wanda ya ɗan lalace ma yana da abin da zai koya muku. In kun samu dama ku ga ainihin wanda za a yi gasar da shi kafin ranar, ku nema, ba roƙon alfarma ba ne da za a ji kunyarsa.

Yanzu mu ke raka 'yan aji ɗaya yawon Asabar. Makon jiya wata ƙaramar yarinya ta zauna gaban fiyanon tsohuwar malamar, ta danna, ya yi mata shiru, ta juyo ta kalle mu idonta ya ciko. Autarmu ta matsa kusa da ita ta ce, "Ba ki yi sallama ba ne, ƙanwata. Sake dannawa, ki ɗan ƙara kaɗan, ki ji inda zai amsa." Gasar makarantu ta bana saura wata biyu, a zauren nan dai, da baƙin fiyanon nan mai kwance. Mun riga mun ba da sunayenmu.